Kawu da Kwalbar Baƙi

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka sallace shi bayan azahar a ƙofar gidan kakanmu da ke Limancin Kona. Ni ɗan kasuwa ne, in na ga taro sai na duba su wa suka zo, me kuma ya kawo su. Malaman jami'a sun zo, suka bar motocinsu can bakin titi domin lungunmu ba ya cin mota. Ɗalibansa sun zo, wasu da littattafai a hannu, daga aji suka taho. Wani dattijo Kirista daga Wusasa, wanda suka yi shekaru suna ba da magani a taga ɗaya a asibiti, ya tsaya gefe har aka idar da salla, sannan ya bi mu maƙabarta da ƙafa, hularsa a hannu. Da muka dawo ya riƙe hannuna ya ce, "Ban taɓa ganin ya miƙa wa mutum magani yana kallon wani waje ba."

Washegari mutanen ƙauye suka fara isowa. Wani manomi ya jingina kekensa, ya zauna can bakin tabarma. Na tambaye shi ko Kawu ya taɓa warkar masa da wani. Ya ce a'a, matarsa ta rasu tun bara, amma ta rasu ba ta ihu, abin da ya zo godiya a kai ke nan.

Kwana uku ana zaman makoki ana faɗin karatun da ya yi a Ingila, da takardun da ya rubuta, da yawan waɗanda ya koyar. Duk gaskiya ne. Amma ni ba ni da Turancin da zan karanta takardun nan. Abin da na sani shi ne abin da ya yi a ɗakin mahaifiyata, kuma ba na son in mutu da shi a cikina.

Kawu ƙanin Inna ne, shi ne autansu. Da aikin disfensa ya fara, ya yi ta ƙaro karatu har ya zama malamin haɗa magunguna a jami'a. Rabin mako yana aji, rabin mako yana asibiti a ɓangaren masu ciwon daji, shi ke auna musu magani ya haɗa. Ni kuwa da facin taya na fara a Sabon Gari, har Allah ya sa na zama dillalin kekuna da kekunan ɗinki. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Dillali.

Mutum ne da bai iya ciniki ba ko kaɗan. Duk abin da mai kaya ya fara faɗa shi yake biya, har da godiya. Na taɓa raka shi sayen rago, na yi ta taka masa ƙafa, ya juyo ya ce, "Dillali, wurin ya yi maka kaɗan ne?" Amma a wurin magani ba a yi masa wayo. Sau uku yake karanta jikin kwalba kafin ya miƙa. Ba ya sakin ta sai ka maimaita masa yadda za ka sha, ko da kai alƙali ne. Yana da saurin fushi, kuma in ya yi fushi muryarsa ƙasa take yi, wannan ya fi tsawa ciwo.

A shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira ciwo ya kama Inna a nono. Ta ɓoye shi har sai da matata ta gani wajen wanka. Aka yi mata aiki a asibiti, sannan likita ya rubuta wata 'yar farar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum da safe da ruwa mai yawa. Kawu da kansa yake ƙirga mata ta wata guda a wata ƙaramar kwalba, ƙarshen wata ta mayar masa da kwalbar babu komai ya sake cika ta. Ya gaya mana tun farko cewa bai yi alkawarin warkewa ba. Ya ce ƙwayar nan tana danne ciwon ne, in an sha ta yadda ya kamata ana samun lokaci, in ba a sha ba ciwon ba ya jira.

Wata uku ana haka sai wani kumburi ya fito mata a hammata. Na tashi na same shi a ofis, ban ko zauna ba.

Na ce, "Kawu, maganinku ba ya aiki. Akwai wani a Kano da ke kawo allura daga waje. Ni na san hanyar kaya. In abu yana duniya zan samo shi."

Ya ce, "Ka san abin da ke cikin allurar?"

Na ce, "Ku da kuka san abin da ke cikin taku, ga shi nan ai muna gani."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce in zauna. Ya ce, "Likita ya duba jininta ya ce lafiya lau, yana murna. Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ƙwayar nan in ta shiga jiki sai ta bar shaida. Tana taɓa jini, tana sa tashin zuciya, tana zubar da gashi. Wata uku Yaya tana sha, kitsonta yana nan kamar na amarya. Ka ba ni zuwa Juma'a. In ban gano komai ba, ka tafi Kanon."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka shiga ɗakin Inna tare. Bai yi maganar magani ba. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce yau fura ya zo sha. Ɗakin Inna dama ba ya rabuwa da mutane, tun da ta kwanta kuwa sai abin ya ƙaru, wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo tuwon shinkafa. Muna zaune wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama. Aka gaisa, aka yi ya jiki, sai ta matsa kusa da gado ta ce, "Innar yara, 'yar farar nan taki, a sam min biyu. Gwiwar nan tun da na sha ta kwanta."

Inna ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro kwalbar, ta fara zazzagewa a tafin hannu, kamar mai ba da goro.

Kawu ya miƙa hannu a hankali ya karɓe. Ya ce wa tsohuwar, "Baba, wannan ba ta gwiwa ba ce. Kafin magariba zan aiko miki da ta gwiwa, wadda ta fi wannan." Ta yi godiya ta fita.

Sai ya juya ga Inna. "Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun yaushe me?"

"Tun yaushe kike rabon maganinki?"

"Rabo kuma? Sam musu nake yi. Mutum ya taso ya zo duba ni, ya kawo min abin da yake da shi, ya ce kansa na ciwo, ga magani a gabana yana gani. In ce masa me? In ce babu?"

"Ke fa, kina sha?"

"Ina sha mana. Ranar da ya rage."

"In ya ƙare kafin wata fa?"

Ta gyara ɗankwali. "Sai in jira. Zan aika a ce maka na raba ne, ka zo ka yi min wannan kallon da kake yi yanzu? Ni fa na goya ka."

A cikin Birni, inda muke, ba wanda zai ga laifinta. Haka muka tashi muka tarar. In maganin asibiti ya shiga gida, na unguwa ne, balle wanda aka ji ƙanin mai shi ne ya haɗa da hannunsa. Wanda ya hana kuwa, sunansa marowaci har jikokinsa.

Kawu ya ciro ambulan daga aljihu ya juya bayanta, ya ce ta faɗa masa duk wanda ta bai wa. Inna ba ta manta mutum, ta yi ta lissafo su gida gida yana rubutawa. Can ta ce, "Sai matar telan nan da mai kekuna ya turo, na ba ta uku." Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, mai kekuna take cewa.

Gaskiya ne. Wani tela a Tukur-Tukur da ke sayen kekunan ɗinki a wurina ya yi min kukan ciwon baya yana damun matarsa. Na ce ta je wurin Inna, akwai magani mai ƙarfi da Kawu ya haɗa. Da alfahari na faɗa, kamar mai tallar kaya.

Kawu ya ce, "Me ya sa mata ciwon bayan?"

Na ce, "Ciki gare ta."

Ya miƙe ya sa takalmi. Ban taɓa ganin ya yi gudu da mota ba sai ranar. A hanya ya ce min ƙwayar nan aikinta shi ne ta kashe abin da ke saurin girma a jiki, kuma ba ta bambanta ciwo da jariri.

Muka tarar da telan a zaure yana aiki. Ya shiga ciki ya daɗe, ko ni ne na ga ya daɗe. Sai ga shi ya dawo, matar ta tsaya bayan ƙofa tana magana ƙasa ƙasa. Ta ce, "Ban sha ba. Da na ji an ce mai ƙarfi ce sai na ɗaure ta a bakin zane, na ce sai ranar naƙuda." Ta miƙo ƙullin ta hannun mijin. Kawu ya kwance, ƙwaya uku, kamar yadda Inna ta faɗa. Ya nemi dakali ya zauna.

Da muka koma mota bai tayar da ita nan take ba. Ya ce, "Dillali, in na tambaye ka inda keken ɗinkin da ka sayar bara yake, za ka faɗa min gidan da ɗakin. Amma maganin uwarka ka mayar gyara, kana ba abokin ciniki." Can sai ya ce, "Ni ma ban fi ka ba. Shekara nawa ina miƙa kwalba ta taga, ban taɓa bin ta na ga inda take kwana ba."

Kwana biyu muka yi muna bin gidajen da ke bayan ambulan ɗin nan. Ya riƙe wani gwangwanin madara, mu tsaya a zaure tare da mai gida, matata ta shiga wurin mata. An ciro ƙwaya daga cikin kwalla, daga ƙarƙashin katifa, daga cikin gafakar Alƙur'ani. Wata ta ce ba za ta mayar da kyauta ba sai an ba ta madadi, kuma sai da aka ba ta. Waɗanda suka riga suka sha ya kwashe su a motarsa ya kai aka duba jininsu, Allah ya tsare ba wanda ya samu illa. Mutanen unguwa suna ta mamaki, malamin jami'a guda yana yawo lungu lungu da gwangwani.

Ni shawarata mai sauƙi ce. Na ce a ba ni kwalbar in kulle a akwatina, kullum in ba ta ɗaya.

Ya ce, "Sai baƙi su zo ta ce musu ɗanta ya kulle? Yaya za ta daina sha ne gaba ɗaya don kada a ce tana shan abin da ta hana wasu. Kai ba ka san uwarka ba."

Washegari ya zo da kwalba biyu. Ɗaya ƙaramar nan ta da, ɗaya babba mai ruwan ƙasa, cike da maganin ciwon kai da ciwon jiki na yau da kullum. Ya manna wa kowace takarda da rubutun ajami, domin shi Inna take karantawa. Ya ajiye su a gabanta ya ce, "Yaya, ba zan yi miki wayo ba. Wannan babbar ta baƙi ce. Duk babban da ya roƙa ki ba shi biyu, kada ki wuce biyu, mai ciki kuma ki turo min ita. In ta ƙare zan cika. Wannan ƙaramar taki ce. Ga wanda ba shi da ciwonki guba ce. In kin ba mutum, cutarsa kika yi."

Inna ta ɗaga babbar ta jijjiga. Ta ce, "Wannan ɗin tana aiki, ko alli ka zuba min in ji kunya?"

"Tana aiki. Ta ma fi taki daɗi."

"To ni me ya sa ka ba ni marar daɗin?"

"Don ke kika goya ni."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe hammata.

Bai tsaya nan ba. Tun daga ranar, kullum da safe kafin ya wuce aiki, sai ya ajiye mota a bakin titi ya shigo da ƙafa. Ya sha koko a ɗakinta, ta haɗiye ƙwayar a gabansa, ta bi da ruwa moɗa guda. Tana cewa ya mayar da ita 'yar fursuna, yana cewa kokonta ne ke kawo shi. Ranar da tafiya ta kama shi, ni nake zuwa, kuma sai na kawo masa rahoto.

Bayan 'yan makonni gashinta ya fara zuba. Mai kitso ta zo ta rasa abin kamawa. Inna ta yi fushi, ta nuna masa matajin, shi kuwa fuskarsa fal murna. Ta ce, "Dubi wannan, ana sanƙo yana washe baki." Kumburin hammatar ya yi ta raguwa har ya zama sai an lalubo shi. Maganar Kano ban sake tayar da ita ba, shi ma bai taɓa tuna min ba.

Daga baya na gane abin da ya faru a ɗakin Inna ya canza masa aiki. Ya fara tura ɗalibansa, mata su shiga cikin gida, maza su tsaya a zaure, su tambayi inda magani yake tafiya bayan ya bar asibiti. Ya sa ana rubuta wa masu ciwon daji lokutan shan magani da ajami, da sunayen salloli maimakon agogo. Yakan je wurin mata masu sayar da saiwoyi ya saya ya kai ɗakin gwaji, don ya san abin da mutanensa ke haɗawa da ƙwayarsa, kuma bai taɓa raina su ba. An ce rubutun da ya yi a kan wannan har ƙasashen waje an karanta.

Wata rana ya ce in zo in yi wa ɗalibansa magana. Na ce, "Kawu, ni da na tsaya a elementare?" Ya ce in zo da babbar rigata. Na tsaya gaban yara masu fararen riguna. Ya ce musu, "Wannan ɗan yayata ne, dillali ne. Ku tambaye shi yadda kaya ke tafiya daga hannu zuwa hannu a garin nan." Na faɗa musu abin da na sani, cewa keke ɗaya in na sayar, mutum biyar ke hawansa, kuma wanda ya saya shi ne ya fi ƙarancin hawa. Suka yi dariya. Ya ce, "Ku rubuta, ba wasa yake ba." Sannan ya ba su labarin matar tela daga farko har ƙarshe, sai dai ya ce wani mutum ne ya tura ta. Ina tsaye a gefensa bai ko kalle ni ba.

Inna ta ƙara damina uku. A cikinsu ta aurar da autarta, ta ga jikoki biyu, ta yi ta rabon maganin ciwon kai har aka san gidanmu da shi. Sannan ciwon ya dawo ta ƙashi. Kawu ya haɗa mata wani na ruwa mai kashe zafi, shi ma ya ce nata ne ita kaɗai. A lokacin aiki ya yi masa yawa, tafiye-tafiye suka ƙaru, ni ma kasuwa ta riƙa ja na Legas. Inna ta ce mu daina tsaronta, ita ba yarinya ba ce, ta ba da magana za ta riƙe. Muka bar mata ƙaramar kwalbar a hannunta ba mai tsaro. Na san abin yana ransa, domin duk sanda ciwon ya motsa sai na ga yana kallon matashinta, amma bai tambaya ba.

Ta rasu wata safiyar Lahadi, bayan kwana shida ba ta iya haɗiyar komai sai ruwa. Ranar sadakar uku matata ta kira ni gefe ta ce wasu tsofaffi suna roƙon ragowar maganin marigayiya. Na ce a ba su na babbar kwalba, biyu biyu. Ƙaramar kuwa, da ragowar na ruwan, na sa su a aljihu na fita na sami Kawu a zaure, mutane sun ɗan ragu.

Ya karɓa, ya buɗe ƙaramar, ya zazzage a tafin hannunsa. Ya tambaye ni ranar da ta daina haɗiya, na faɗa masa. Ya duba ranar da ya rubuta a jikin takardar, ya ƙirga kwanaki da yatsu, ya ƙirga ƙwayoyin, ya sake ƙirgawa, har sau uku kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Daidai ne. Ba ta ba kowa ba. Ta sha, Dillali. Duk ta sha."

Ya rufe hannunsa a kan ƙwayoyin. Mutumin da bai yi hawaye a maƙabarta ba, nan ya sunkuyar da kai, na matsa na tare shi daga idon mutane har ya gama.

Ban taɓa yi masa godiya da baki ba, a gidanmu ba mu iya ba. Ga ta nan na rubuta. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da damina ukun nan da ya nema wa yayarsa, ya sa ya tarar da ita cikin rahama.